Babi na biyu da ɗakin karatu: yadda ma'aikacin laburare ke taya malamin sashen Hausa koyar da bincike

Idan malami mai duba kundi ya zauna da ayyukan ɗaliban NCE na ajin ƙarshe, babi na biyu ne ke fara tona asiri, wato babin bitar ayyukan da suka gabata. Kundi goma a kan tebur, amma sakin layin farko ɗaya ne a shida daga cikinsu. Kuskuren rubutu guda ya bi su duka, har da shekarar littafin da wani ya rubuta ba daidai ba tun tuni, aka yi ta gadonta. A shafin manazarta akwai littattafan da ɗalibin bai taɓa riƙewa ba. A 'yan shekarun nan kuma an sami sabon ciwo: sunan marubuci na gaskiya, sunan mujalla ta gaskiya, amma maƙalar babu ita a duniya, manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta ƙaga ta.

Lamarin da za a bi a nan irin wanda aka saba gani ne a kwalejojin ilimi na Arewa. Malami ne a sashen Hausa, yana koyar da dabarun bincike ga 'yan aji biyu, kuma shi zai duba kundin wasunsu a shekara mai zuwa. Don a iya yin lissafi, a ɗauka ɗaliban 120 ne, ɗakin kwamfutar laburare na da na'urori 20 masu aiki, ma'aikacin da aka ware wa tsangayar harsuna kuma mutum ɗaya ne. Ko da lambobin sun bambanta a wata kwaleji, matakan aikin ba sa canzawa.

Me ya sa kwas ɗin aji ɗaya bai wadatar ba

Abin da malamin kan fara faɗi shi ne, ai an koya musu. Gaskiya ne. Manhajar hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ta tanadi kwas ɗin GSE 112 na gabatar da ɗalibi ga ɗakin karatu tun a shekarar farko. To amma a duba lokacin da ake yin sa. Yaro ya shigo makaranta jiya, bai da wata tambayar da yake neman amsarta, an tara shi da ɗaruruwan 'yan uwansa a zaure guda ana karanta musu ire-iren ɗakunan karatu da sassan littafi. Ya haddace, ya rubuta jarrabawa, ya ci. Sai bayan shekara biyu ne zai buƙaci abin, kuma a lokacin ba ma'anar katalog yake nema ba, yana so ya san inda zai sami abin da aka rubuta a kan waƙoƙin daka. Tsakanin waɗannan biyu akwai tazara mai nisa, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin cike ta.

Ga kuma aikin koyarwa na gwaji, wanda kan cinye zangon farko na shekara ta uku. Ɗalibi ya dawo daga makarantar da aka tura shi, saura watanni kaɗan ya miƙa kundi mai babi biyar. Shagon buga takardu da ke bakin ƙofar kwaleji yana da tsofaffin kundaye a kwamfutarsa. Wanda ya kira wannan lalaci kawai, ya bar jaki yana dukan taiki.

Zaman farko tsakanin malami da ma'aikacin laburare

Aikin ba daga aji yake farawa ba. Kafin zango ya kankama, ma'aikacin laburare ya je ofishin malamin da kansa, kada ya jira a aiko masa da takarda. Abubuwa uku yake roƙo: jadawalin kwas ɗin mako-mako, jerin batutuwan da sashe ya amince da su a shekaru biyu da suka wuce, da tsofaffin kundaye biyar, a haɗa da mai kyau da marar kyau.

Da waɗannan kundaye biyar ake yin binciken cutar. Ma'aikacin ya ɗauki shafukan manazarta kawai, ya ware su kashi-kashi: nawa ne littafi, nawa ne maƙalar mujalla, nawa ne kundin digiri ko na NCE, nawa ne takardar laccar malami, nawa ne shafin intanet. Sannan ya ɗauki goma daga ciki ya neme su a kan kanta da intanet, ya ga nawa za a iya samu. Aikin yini ɗaya ne, amma shi ke sauya maganar da za a yi. Maimakon "Dakta, ya kamata a riƙa turo mana ɗalibai," sai ya zama "Dakta, a kundaye biyar ɗin nan babu maƙalar mujalla ko ɗaya, kuma littattafan nan uku da duk suka ambata ba mu da su a laburare, daga ina suke samun su?" Malami kan saurari magana ta biyun, domin a kan aikinsa take.

Daga nan sai a gane cewa abin da ake yi wa kuɗin goro matsaloli ne uku daban. Akwai ɗalibin da bai iya nema ba, ya buga taken kundinsa gaba ɗaya a Google, bai ga komai ba, ya yanke hukuncin ba a taɓa rubutu a kai ba. Akwai wanda ya samo amma bai iya tantancewa ba, rubutun Facebook da maƙalar farfesa duk ɗaya ne a wurinsa. Akwai kuma wanda ya samo mai kyau, amma bai san yadda zai faɗe shi da bakinsa ba, sai ya kwafa. Kowane da maganinsa.

Sharaɗi mafi muhimmanci a wannan zama shi ne maki. Idan zaman laburare ba shi da maki, ɗalibai za su ɗauke shi hutu, kuma ba su yi kuskure ba, domin abin da malaminsu ya nuna musu ke nan. Don haka malamin ya cire maki 10 daga cikin makin aikin aji ya ɗora a kan aiki guda: kowane ɗalibi zai miƙa jerin majiyoyi takwas a kan batun da yake so ya yi kundi a kai, kowace majiya da layi uku na bayani da hoton shafin da ya karanta. Daga cikin takwas ɗin, aƙalla biyu su zama maƙalun mujalla, kada kundin ɗalibai ya wuce biyu. Malami ne ke ba da makin. Ma'aikacin laburare yana taya shi tsara ma'aunin, yana kuma duba ko majiyoyin na gaske ne.

Darussan da za a yi a laburare uku ne, kowanne awa biyu, a mako na huɗu da na bakwai da na goma. Ɗalibai biyu a kwamfuta ɗaya na nufin rukuni uku na mutum 40, wato zama tara ga ma'aikacin laburare a zangon. Wannan nauyi ne na gaske, kuma dole shugaban ɗakin karatu ya san da shi ya rage masa wani aikin.

Darasin farko: nema

Nan ne bincike a kan Hausa ke da nasa tarkon da babu shi a littattafan koyar da bincike da aka rubuta a Ingila ko Amurka, kuma ya cancanci a ba shi lokaci sosai.

Ana farawa da takarda da biro, ba kwamfuta ba. Ɗaliba ta ce batunta shi ne nazarin waƙoƙin daka a garinsu. Ma'aikacin ya sa ta raba takarda gida uku: abin da ake nazari, mutanen da ke yin sa, da fuskar nazarin. A ƙarƙashin na farko ta rubuta waƙoƙin daka, waƙoƙin niƙa, waƙoƙin aiki, waƙar baka, lugude. A ƙarƙashin na biyu, mata, matan aure, 'yan mata. Na uku, jigo, salo, habaici, zambo. Sai ta fara haɗa biyu-biyu. Ɗalibai kan yi mamakin yadda "habaici" da "waƙoƙin mata" ke buɗe abin da cikakken take bai buɗe ba.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya. Kalma ɗaya tana iya zama a intanet da siffa huɗu. Akwai waƙa yadda take a daidaitacciyar Hausa. Akwai waka, inda aka jefar da ƙugiyar. Akwai waqa, domin marubuta da yawa suna buga q a madadin ƙ, x a madadin ɗ, v a madadin ɓ, sannan su sauya nau'in haruffa a kwamfutarsu. Da aka ɗora rubutun a intanet sai asalin abin da aka buga ya fito. Akwai kuma wa}a, daga wasu tsofaffin nau'o'in haruffan Hausa da suka ɗora ƙ a kan alamar } da ɗ a kan ]. Injin bincike ba lallai ya gane cewa huɗun nan abu ɗaya ne ba. Ɗalibin da ya buɗe kundin digiri mai shafi 300 ya nemi "ɗabi'a" bai samu ba, wataƙila "xabi'a" ce a ciki sau hamsin. Minti goma na nuna wannan a allo ya fi lacca guda amfani.

Bayan haka a koya musu neman abu da harsunan da aka yi rubutu a kan Hausa da su. Ayyuka masu yawa da Ingilishi suke, don haka ɗalibar waƙoƙin daka tana buƙatar kalmomin Ingilishi na waƙar aiki da waƙar mata a jerinta. A Nijar kuma da Faransanci ake rubutawa, sunan harshen ma haoussa ne a can, a tsofaffin rubuce-rubucen Jamusawa kuwa Haussa. Cibiyoyi irin su IRSH da CELHTO da ke Yamai sun daɗe suna tattara adabin baka, amma ɗalibin Kano ko Gusau ba zai ci karo da aikinsu ba idan rubutu ɗaya kawai ya sani.

Wuraren neman da ake nuna musu kaɗan ne da gangan: katalog ɗin laburaren kwalejin, Google Scholar, AJOL mai tattara mujallun Afirka, da JSTOR, rumbun maƙalun mujallu wanda a 2006 ya ƙaddamar da shirin yafe kuɗin shiga ga makarantun Afirka da suka yi rajista. Aikin ma'aikacin laburare ne ya tabbatar rajistar na nan kuma shigar na aiki kwana ɗaya kafin darasi, ba a gaban ɗalibai 40 ba. Nuna rumbunan bayanai goma a zama ɗaya kuskure ne da ma'aikatan laburare ke yawan yi saboda son su nuna abin da suke da shi. Ɗalibi ya fita bai riƙe ko ɗaya ba.

Rabin awa na ƙarshe a tsakanin kantoci ake yin sa. Idan laburaren na bin tsarin Dewey, harshen Hausa yana 493.72, adabinsa yana 893.72, tatsuniya da al'adun baka kuma suna 398. Idan tsarin Laburaren Majalisar Amurka ne, Hausa tana tsakanin PL8231 da PL8234, al'adun baka suna GR, kiɗa yana ML. Ke nan abin da ya shafi waƙoƙin daka ya warwatsu a kantoci uku, kuma ɗalibin da ya tsaya a kantar da aka rubuta Hausa a jikinta ya ga sulusi ne kawai. A nan ne kuma ake kai su sashen mujallu su taɓa Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ko Ɗunɗaye ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da hannunsu, in akwai su, domin da yawa daga cikin muhimman maƙalun Hausa a takarda suke har yanzu.

Darasi na biyu: tantancewa

Kowa ya zo da majiyoyi huɗu da ya samo. Malamin sashen shi ne ke jan wannan darasi, ma'aikacin laburare na gefensa, domin malamin ne ya san wane ne wane a fagen.

Tsarin koyar da neman bayani da ƙungiyar ɗakunan karatu na manyan makarantu ta Amurka, ACRL, ta amince da shi a 2016 yana da wata magana da ta dace da wannan aji: cancantar majiya ta danganta da tambayar da ake yi mata. Tsohuwar da ta shekara hamsin tana daka ita ce hujja a kan kalmomin waƙar da lokacin da ake rera ta, babu farfesan da ya fi ta. Amma ba ita za a tambaya ra'in da za a ɗora nazarin salon waƙar a kai ba. Ƙamus na Bargery na 1934 hujja ne a kan yadda ake amfani da kalma a zamaninsa, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kuma a kan ma'anar da aka daidaita daga baya. Ɗalibi ya koyi tambayar kansa, wannan majiyar shaida ce a kan me?

Game da mujallu, ana koya musu su bar shafin mujallar su je su ga abin da wasu suka ce a kanta. Wace jami'a ko ƙungiya ke fitar da ita? Editocinta sanannu ne a fagen? Tana cikin AJOL ko DOAJ, rumbun mujallun da ake karantawa kyauta? Mujallar da ke buga maƙalar noma da ta lissafi da ta adabin Hausa a fitowa ɗaya, tana kuma alƙawarin bugawa cikin mako guda idan an biya, abin gudu ce. Sai dai a yi hattara: mujallun sassan Hausa masu inganci da yawa ba sa cikin waɗannan rumbuna, don haka rashin ganin suna a can ba hukunci ba ne. A nan ne bakin malamin ke da nauyi.

Maganar ƙirƙirarriyar basira kuwa, hana ta da baki ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne a gwada ta a gabansu. A tambayi manhajar majiyoyi biyar a kan batun ɗaya daga cikinsu, sannan ajin ya bi kowace: a buga takenta a Google Scholar, a duba fitowar mujallar da aka ambata, in akwai lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, a saka ta a doi.org a ga inda za ta kai. Duk wadda ba a samu ba a soke ta a kan allo. Daga nan dokar aikin ta zama mai sauƙin fahimta: abin da ba ka da hoton shafinsa, ba ya shiga manazartarka.

Darasi na uku: rubutawa da madogara

Wannan gajere ne a bayani, dogo a aikatawa. Ɗalibi ya karanta sakin layi ɗaya, ya kife littafin, ya faɗa wa abokin zamansa abin da marubucin ke nufi, sannan ya rubuta abin da ya faɗa. Ya buɗe ya gwada. In jimlolin sun yi kama, ya sake. A nan ake jaddada cewa fassara rubutun Ingilishi zuwa Hausa ba tare da ambaton mai shi ba satar fasaha ce, abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba sam.

Idan sashe na bin tsarin rubuta madogara na APA, bugu na 7, maganar da aka ɗauko kai tsaye tana buƙatar lambar shafi, wadda ta kai kalma 40 kuma a ware ta a sakin layinta. Sunayen Hausawa na rikitar da ɗalibai, don haka a yi misali da sanannun masana: Ibrahim Yaro Yahaya zai zama Yahaya, I. Y., Sa'idu Muhammad Gusau kuma Gusau, S. M., ko da yake Gusau sunan gari ne, domin da shi aka san shi a rubutu. Ba a saka Farfesa ko Alhaji. Hira da mutane ita ce inda APA da al'adar sassan Hausa suka rabu: APA na ambaton hirar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba a cikin rubutu kawai, sassan Hausa kuwa sun saba da jerin waɗanda aka yi hira da su, da shekarunsu da wuri da rana. Malamin ne zai yanke wanda za a bi, ma'aikacin laburare ya rubuta shi a shafi ɗaya da misalai, a raba wa duk masu duba kundi a sashen. In ba haka ba, kowane malami zai gyara wa ɗalibi da nasa salon.

Inda abin ke lalacewa

Mafi yawan lokuta daga rashin zuwan malamin ne. Ya kawo ɗalibai bakin ƙofa, ya ce "Malam, ga su nan," ya tafi taro. Ɗalibai na ganin haka suke gane matsayin darasin. Shi ya sa ake rubuta ranakun uku a jadawalin kwas ɗin tun farko, a matsayin lacca irin kowace.

Wutar lantarki da intanet kan yanke a tsakiyar darasi. Maganinsa a ajiye hotunan matakan binciken da maƙalu shida da aka sauke tun da wuri, a tura wa shugaban aji ya raba ta WhatsApp, a ci gaba da wayoyin hannu. Darasi na uku ma ana iya yin sa da takarda zalla.

Wasu sassan kan jingina da manhajar gano kwafe irin Turnitin. Ga rubutun Hausa ƙarfinta kaɗan ne. Tana gwada aiki ne da abin da ke rumbunta, tsofaffin kundayen da ake kwafa kuwa suna kan kanta a takarda. Bambancin ƙ da q da } ma kan sa rubutu ɗaya ya zama biyu a idonta, fassara kuma kan wuce ta sau da yawa. Ƙaramin kaso a rahotonta ba shaidar tsarkin aiki ba ne. Abin da ya fi amfani, kuma a hannun laburare yake, shi ne jerin taken duk kundayen da aka yi a sashen, da shekara da sunan mai dubawa, a takardar lissafi ta kwamfuta da kowane malami zai iya bincikawa kafin ya amince da batu. Hana ɗalibai ganin tsofaffin kundaye ba ya hana kwafe, tunda shagon waje na da su. Gara su karanta su a ɗakin karatu a matsayin ayyukan da za a yi bitarsu da sunan masu su.

Sai tazarar aikin koyarwa na gwaji. Ɗalibin da ya yi jerin majiyoyi takwas a aji biyu yana iya dawowa ya tarar an ba shi wani mai dubawa, shi kuma ya sauya masa batu. Duk aikin ya tafi. Wannan ba a hannun laburare yake ba, shawara ce ta taron sashe: a amince da batutuwa kafin a tafi, jerin majiyoyin ya shiga fayil ɗin ɗalibi, sabon mai dubawa ya karɓe shi tare da shi. Da sun dawo, ma'aikacin laburare ya ware awa biyu sau biyu a mako na ganawa ta minti 15 da duk mai buƙata, ɗalibi ya zo da babinsa na biyu a hannu. Wanda batunsa ke buƙatar tsofaffin jaridu irin Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939, ko takardun tarihi, a nan ake rubuta masa takardar gabatarwa zuwa Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, a kuma gaya masa ya tafi da shekarun da yake nema a rubuce.

Ranar da ɗalibi ya kawo babi na biyu, mai dubawa ya buɗe manazarta, ya ɗora yatsa a kan majiyoyi uku ba tare da zaɓe ba, ya ce a nuna masa hoton shafin kowace da wurin da aka yi amfani da ita a cikin babin. Minti biyar yake ɗauka. Wadda aka kasa nunawa, mai dubawa ya rubuta ta a takarda ya tura ɗalibin da ita wurin ma'aikacin laburare, su nemo ta tare ko su cire ta, kafin a shiga babi na uku.